Yadda za ka kare rajistar ma'aikata da kayan aiki a Primavera P6 daga lalacewa

A kamfanonin gine-gine da na mai da iskar gas da ke tsara ayyukansu da manhajar Primavera P6, akwai wata cuta da ba a cika ganewa da wuri ba. Jadawali yana nan lafiya lau a ido, ranaku sun jeru, amma rahoton ma'aikata yana cewa ana buƙatar masu walda 40 a watan da kowa ya san 15 sun isa, ko kuɗin aikin da aka rufe bara ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa shi. Idan aka bi diddigi, yawanci a wuri ɗaya ake tsayawa: rajistar da manhajar ke kira Resources, inda ake rubuta mutane da injuna da kayan gini tare da farashinsu da kalandarsu.

Dalilin yana cikin ginin manhajar kanta. Primavera, wadda kamfanin Oracle ya saya a 2008, ta raba bayanai gida biyu. Akwai na kowane aiki shi kaɗai, kamar jerin ayyuka da alaƙar da ke tsakaninsu. Akwai kuma na kowa da kowa, waɗanda duk ayyukan da ke cikin rumbun bayanai suke ɗiba daga gare su: rajistar ma'aikata da kayan aiki, muƙamai, manyan kalandu, kuɗaɗen ƙasashe da ma'aunai. Wanda ya sauya farashin tifa don aikin titi a Gombe ya sauya shi ga aikin asibiti a Sakkwato. Ga shi kuma P6 ba ta da maɓallin adanawa; abin da ka rubuta ya shiga rumbu nan take, kuma ba kowane sauyi ne ake iya janyewa ba. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya kamata a bi su, domin share rajista alhali ƙofar da shara ke shigowa a buɗe take wahalar banza ce.

Mataki na farko: a san mai rajistar

Kafin a taɓa komai, shugabannin kamfani su ambaci mutum ɗaya da mataimakinsa a matsayin masu riƙe da rajistar. Su kaɗai za su iya ƙara sabon suna, ko gyara farashi, ko gogewa. A cikin tsarin tsaro na P6, ikon ƙarawa da na gyarawa da na gogewa kowanne daban yake, haka ma ikon gyara manyan kalandu da ikon shigo da fayil. Ka buɗe bayanan tsaron da aka ba masu tsara jadawali ka cire musu waɗannan. Abin da suke buƙata shi ne su ga rajistar, su ɗora abin da ke cikinta a kan ayyukansu.

Za a yi ƙorafi, babu shakka. Mai tsara jadawali zai ce yana da rahoton da zai miƙa gobe da safe, ba zai zauna jiran wani ya rubuta masa "direban gireda" ba. Yana da gaskiya, kuma idan ba a saurare shi ba zai nemi wata hanya, ya ari kalmar sirrin wani ko ya ɗora direban gireda a kan lambar direban tifa. Saboda haka mai rajista ya ɗauki alkawarin amsa buƙata cikin yini ɗaya na aiki, a kuma yi ɗan gajeren fom mai tambayoyi kaɗan: mene ne, wane iri ne, nawa ake da su, nawa ne farashinsa, daga wace rana, wa ya amince. Rabin buƙatun da za su zo, za a tarar abin yana cikin rajistar tuntuni da wani suna.

P6 tana kuma ba da damar a tsare mutum a reshe ɗaya na rajistar, ta yadda mai aikin reshen Kaduna ba zai ga ma'aikatan Fatakwal ba. Ikon ganin farashi shi ma daban ake bayar da shi. Idan ana rubuta ainihin albashin mutane da sunayensu, wannan ya shiga hurumin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Ni dai shawarata kada albashin mutum ya shiga jadawali ko kaɗan. Matsakaicin kuɗin awa na kowane rukuni ya wadatar.

Mataki na biyu: me ya cancanci shiga, da wane suna

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kamfanin da ya ce sai ya rubuta kowane lebura da sunansa, da kowane shebur, ya ɗora wa kansa aikin da ba zai iya riƙewa ba, domin leburori suna zuwa suna tafiya kowane mako. A rubuta abu idan ɗaya daga cikin biyu ya tabbata: ko ana rububinsa tsakanin ayyuka, ko kuɗinsa yana da nauyi a kasafi. Babban kiren, wato injin ɗaga kaya, da kamfani ke da guda ɗaya tak ya cancanci layinsa. Injiniyan da shi kaɗai ke sa hannu a zanen gada ya cancanci layinsa. Birkiloli da kafintoci da leburori kuwa a rubuta su rukuni-rukuni, layi ɗaya ga kowace sana'a a kowane yanki.

Ga aikin da ba a fara ba tukuna, wanda ba a san takamaimai wa zai yi shi ba, a yi amfani da muƙami, abin da manhajar ke kira Role. Ka ce wannan aiki yana buƙatar safiyo, daga baya in lokaci ya yi a ɗora ainihin mutumin. Rashin amfani da muƙamai ne ke sa a cika rajista da sunaye irin su "Sabon Injiniya 1" da "Sabon Injiniya 2" waɗanda ba za su taɓa zuwa aiki ba.

Sai lamba. P6 ba ta yarda lamba ɗaya ta maimaitu, amma ba ruwanta da suna. Mutum ɗaya na iya zama Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a wani wurin, kowanne da lambarsa, manhajar kuma ta ɗauke su mutum uku. Illar wannan ta fi yadda ake zato. A ce an rubuta kiren ɗaya sau uku, kowane layi da iyakar awa 8 a rana. Ayyuka uku suka ɗauke shi a mako guda, kowanne ya ɗauki layi daban. Zanen nauyin aiki zai nuna komai daidai, babu ko ɗigon jan launin da ke nuna an wuce iyaka, alhali an yi wa inji ɗaya alkawarin awa 24 a wurare uku. Ranar Litinin ne za a gane, lokacin da manajoji biyu suke ta buga waya. Maganin shi ne kada mai rajista ya ƙirƙiri lamba daga kansa: ga mutane a ɗauki lambar ma'aikaci da sashen ma'aikata ya bayar, ga injuna a ɗauki lambar kadara da ke littafin akanta, ga rukunoni a tsara gajeren tsari a rubuce, misali harafin iri, da haruffa uku na sana'a, da biyu na yanki. Wannan ne kuma zai sauƙaƙa haɗa bayanai da manhajar albashi ko ta sito daga baya.

Iri uku ne a P6: Labor na mutane, Nonlabor na injuna, Material na kayan da ake aunawa da buhu ko tan ko lita. A zaɓa daidai tun ranar farko. Katafilar da aka rubuta a matsayin mutum za ta zuba awowinta cikin jimillar awowin ma'aikata, rahoton da ake kai wa mai aiki ya kumbura. Ga siminti da rodi kuwa, a tsayar da ma'auni ɗaya. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan ɗaya. Wanda ya rubuta adadi da buhu a layin da farashinsa na tan ne ya ninka kuɗin sau 20.

Mataki na uku: fayil ɗin ɗan kwangila

Nan ne mafi yawan ɓarna ke shigowa, don haka zan daɗe a kai.

Kowane wata 'yan kwangila suna turo jadawalinsu a fayil mai ƙarewa da XER. Mutane da yawa suna ɗauka aikin ne kawai a ciki. A gaskiya fayil ɗin yana tafe da duk ma'aikata da injunan da aka ɗora wa aikin, da farashinsu, da kalandunsu, da muƙamai, da lambobin rarrabewa, da kuɗin ƙasar da aka yi lissafi da shi. Duk waɗannan bayanan kowa da kowa ne, kuma idan aka shigo da su kai-tsaye, cikin babbar rajistarka za su sauka. 'Yan kwangila 10, kowanne yana turo fayil kowane wata, ka lissafa abin da zai taru a shekara biyu.

Lokacin shigowa, manhajar tana tambayar abin da za ta yi da kowane nau'in bayani. Zaɓuɓɓukan suna buƙatar a fahimce su sosai, domin sunayensu suna yaudara. "Update Existing" yana nufin idan lambar da ke fayil ta yi daidai da wata a rajistarka, bayanan fayil za su hau kan naka. Idan ɗan kwangila yana da lamba LAB a kan naira 900 a awa, kai ma kana da LAB a kan naira 1,500, to daga wannan lokaci naka ya koma 900 a dukan ayyukan kamfani. "Keep Existing" yana barin naka yadda yake, amma duk lambar da babu irinta a wurinka za ta shigo a matsayin sabuwa, wato yana hana taka maka bayani, ba ya hana tarin shara. Ga wata illar kuma: aikin ɗan kwangilar zai ɗauki farashinka da kalandarka a duk inda lambobi suka yi karo, sai jimillarsa ta bambanta da wadda ya turo a takarda. "Insert New" yana shigo da komai a matsayin sabo ko da akwai irinsa, shi ne uban tagwaye. "Do Not Import" yana tsare ƙofa gaba ɗaya, sai dai ayyukan da aka ɗora wa abin da babu shi a rajistarka za su iso babu shi.

Tunda babu zaɓin da ba shi da illa, hanyar da ta fi ita ce kada fayil ɗin waje ya taɓa babban rumbu da farko. Ga yadda ake yi.

Ka tanadi rumbu na biyu na gwaji. P6 Professional tana iya aiki da ƙaramin rumbu na SQLite a kan kwamfuta ɗaya, kuma wannan ya isa. Duk fayil ɗin da ya zo daga waje, nan zai fara sauka.

Kafin ma ka shigo da shi, buɗe kwafinsa da Notepad. XER rubutu ne zalla. Layin farko yana nuna sigar manhajar da aka fitar da shi, da ranar, da kuɗin da aka yi amfani da shi. Kowane tebur yana farawa da alamar %T, sunayen ginshiƙai da %F, layukan bayani da %R. Nemi RSRC ka ga ma'aikata da kayan da ke ciki, RSRCRATE ka ga farashi, CALENDAR ka ga kalandu, TASKRSRC ka ga abin da aka ɗora wa kowane aiki. Minti biyar a nan za su gaya maka ko fayil ɗin yana ɗauke da layi 30 ne ko 3,000. Duba kawai za ka yi; gyara XER da hannu aikin wanda ya san alaƙar teburan ne, kuma ko shi a kan kwafi yake yi.

Bayan ya sauka a rumbun gwaji, ka tambayi kanka ko akwai buƙatar ya shiga babban rumbu ma. Idan dubawa kawai za a yi, a yi sharhi a mayar, to ya tsaya a nan. Idan dole ne ya shiga, misali don haɗa shi da babban jadawalin aikin, sai ka mayar da ma'aikatansa kan lambobinku, ko ka tara su ƙarƙashin reshe ɗaya mai sunan kamfaninsa, kowace lamba da harafin da ke nuna tasa ce. Kalandun ayyukansa a mayar da su na aikin kaɗai. Sannan ka fitar da sabon fayil daga rumbun gwaji, mai rajista ya shigo da shi da "Keep Existing", bayan an ɗauki kwafin ajiya na babban rumbu. A adana wannan tsarin zaɓuɓɓuka da suna, don kada kowa ya riƙa zaɓa da ka.

Mafi sauƙi duka shi ne a magance abin tun a takardar kwangila. A rubuta cewa ɗan kwangila zai fara duk lambobinsa da haruffan da aka ba shi, zai yi amfani da kalandar aiki maimakon babbar kalanda, kuma ba zai sauya lamba daga wata zuwa wata ba. Sakin layi ɗaya ne a kwangila, amma yana rage aikin kowane wata sosai.

Mataki na huɗu: kalanda da awowi

P6 da awa take lissafi. Kwanakin da kake gani a allo fassara ce kawai. A saitin mai kula da manhaja akwai adadin da ake fassarar da shi, wanda yake zuwa a kan awa 8 a rana, 40 a mako, 172 a wata, 2,000 a shekara. To wuraren aiki da yawa awa 10 suke yi, Litinin zuwa Asabar. Aikin kwana 5 a kalandar awa 10 awa 50 ne. Idan aka fassara shi da 8, sai ya fito kwana 6.25, mutane su fara zargin manhajar. Akwai akwati a wannan saitin da ke cewa a yi amfani da awowin kalandar da aka ɗora wa aiki. A kunna shi, sannan a shiga kowace kalanda a tabbatar awowin da aka rubuta mata a rana sun yi daidai da ainihin lokutan aikinta.

Kalanda iri uku ce: babba ta kowa, ta ma'aikaci, da ta aiki ɗaya. Ma'aikaci ko inji ba ya ɗaukar kalandar aiki ɗaya, sai babba ko tasa. Wace ce ke tuƙa ranaku kuwa ya danganta da irin aikin: idan Task Dependent ne, kalandar aikin ce, idan Resource Dependent ne, ta ma'aikacin ce. A gine-gine, na farkon ya fi dacewa kusan ko'ina. A bar na biyun ga inda samuwar mutum ɗaya ko inji ɗaya ce ke yanke ranar.

Hutu a ƙasashenmu yana da nasa sha'ani. Ranakun Sallah ƙarama da babba da Maulidi suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma sai an ga wata gwamnati ke tabbatar da su. A sa hasashe tun farkon shekara, a gyara idan sanarwa ta fito, kuma a yi gyaran a babbar kalanda ɗaya wadda sauran suke gadon hutu daga gare ta. Kada a yaudari kai da kwana biyun da gwamnati ta bayar. Duk wanda ya yi aiki da leburori ya san bayan Babbar Sallah sai an ɗauki kwanaki kafin wuri ya cika. Idan ana rage awowi da azumi, ko ana tashi da wuri ranar Juma'a, a rubuta shi. Aikin da ya ratsa iyaka, irin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, yana buƙatar manyan kalandu biyu, domin 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba hutu ne a Najeriya, 3 ga Agusta da 18 ga Disamba kuma a Nijar.

Abu na ƙarshe a nan shi ne iyakar awowi. Rukunin birkiloli 6 masu awa 8 iyakarsu awa 48 ce a rana. Idan aka bar ta a 8 yadda ta zo, zanen zai yi ta nuna ja, har mutane su daina kula da jan, ranar da na gaske ya zo ba wanda zai gani.

Mataki na biyar: farashi

A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,400. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Duk wanda ke riƙe da rajista a waɗannan shekaru ya sauya farashi sau da yawa, kuma yadda aka sauya shi ne ya raba masu sahihin tarihi da marasa shi.

Ƙa'idar ita ce kada a goge tsohon farashi a rubuta sabo a kansa. Kowane ma'aikaci ko inji yana da tebur da ke karɓar layuka da yawa, kowanne da ranar da ya fara aiki. Sabon farashi sabon layi ne da sabuwar rana. Wanda ya taka tsohon layi, ranar da wani ya danna umarnin sake lissafin kuɗi, ayyukan da aka ƙiyasta da tsohon farashi za su ɗauki sabon. A kuma sani cewa ƙara layi ba ya sauya kuɗin ayyukan da aka riga aka ɗora nan take. Sai an sake lissafi, ko dai da umarnin da ke ƙarƙashin Tools, ko ta kunna zaɓin sake lissafi bayan kowane tsara jadawali. A yanke wanne kamfani zai bi, kowa ya bi shi.

Akwai gurabun farashi biyar ga kowane layi. A ba kowanne ma'ana ɗaya a duk kamfani, misali na farko kuɗin da kamfani ke kashewa, na biyu kuɗin da ake cajin mai aiki, a sauya musu suna a saitin mai kula don kada a rikice. Idan ka ga alamar ^ kusa da farashi a kan wani aiki, ma'aikacin ba shi da farashi ne, manhajar ta ɗauko na wucin gadi daga saitin aikin. Alamar * kuwa tana nuna farashi fiye da ɗaya ya faɗo cikin tsawon aikin, wannan ba laifi ba ne.

Batun canji yana da tarko. P6 tana ajiye duk kuɗi da kuɗin tushe guda ɗaya, sauran kuɗaɗe nuni ne kawai da farashin canji ɗaya tak, babu tarihi. Idan tushenka dala ne kana kallo da naira, ranar da aka sauya farashin canji duk tsofaffin ayyuka za su sauya adadi a allo. A zaɓi kuɗin tushe tun kafin a zuba bayanai, wanda aka fi yin kwangila da shi.

Mataki na shida: saituna biyu da ke sauya adadi a ɓoye

Ɗauki aikin jera bulo na awa 400, birkiloli biyu, awa 16 a rana, kwana 25. Ka mayar da su huɗu, awa 32 a rana. Idan irin tsawon aikin Fixed Units ne, kwanaki za su koma 12.5, awowi su tsaya a 400. Idan Fixed Duration and Units/Time ne, kwanaki za su tsaya a 25, awowi su koma 800, kuɗi ya ninku. Dukansu daidai ne a lissafi. Matsalar ita ce masu tsara jadawali biyu a ofis ɗaya kowanne da nasa. A tsayar da ɗaya a matsayin na kamfani, a sa shi a saitin kowane sabon aiki.

Na biyu shi ne akwatin Auto Compute Actuals, wanda ke sa manhajar ta ɗauka an yi aiki yadda aka tsara. Ga wanda ake karɓar ainihin awowinsa daga takardar halarta, a kashe shi.

Mataki na bakwai: kwafin ayyuka

Masu tsara jadawali suna son yin kwafi: na watan jiya, na gwajin "idan aka ƙara ma'aikata fa", na neman kwangilar da ba a samu ba. Kowane kwafi yana ɗauke da buƙatar ma'aikata iri ɗaya da ta asali. Idan an bar shi a matsayin Active, rahoton dukan kamfani zai ƙirga shi, buƙata ta ninku sau adadin kwafin. Masu waldan nan 40 galibi daga nan suke fitowa. Duk kwafi a mayar da shi What-if, wato na gwaji, a ranar da aka yi shi, a ajiye shi a reshe daban, sannan a duba saitin nazarin ma'aikata na kowane mai amfani a tabbatar an zaɓi wanda ke tsallake irin waɗannan. Ayyukan da ba a buɗe ba kuma, daga taƙaitaccen bayaninsu ake ɗauko adadinsu, don haka a sa umarnin taƙaitawa ya riƙa gudana da kansa kowane dare.

Mataki na takwas: idan rajistar ta riga ta lalace

Kada a fara da gogewa, garin neman gira a rasa ido. Goge ma'aikaci yana cire shi daga duk inda aka ɗora shi, har ayyukan da aka gama shekarun baya, kuma goge uwa a reshe yana tafiya da 'ya'yanta. Rikicin kwangila kan taso bayan shekaru, a nemi tsohon jadawali a matsayin hujja.

Fara da kwafin ajiya, a kuma gwada dawo da shi a rumbun gwaji don a tabbatar yana aiki. Kwashe rajistar zuwa Excel, ka jera da suna, ka jera da farashi, tagwaye za su fito. Ga kowane rukunin tagwaye zaɓi wanda zai rayu. Idan ka zo goge wanda ke da ayyuka a kansa, P6 tana ba ka damar mayar da ayyukan kan wani. Yi amfani da wannan, amma ka fara daidaita farashi da kalandar su biyun, ka rubuta jimillar awowi da kuɗin ayyukan da abin ya shafa kafin da bayan. Wanda ya bar aiki, ko injin da aka sayar, a cire masa alamar Active, a mayar da shi reshen tsofaffi, tarihinsa ya zauna. A yi aikin kaɗan-kaɗan, reshe ɗaya a mako, a lokacin da ba kowa a cikin rumbun.

Masu amfani da Project Server, manhajar tsara ayyuka ta Microsoft, za su ga yawancin wannan ya shafe su: can ma akwai babbar rajista ta kamfani, akwai kuma ma'aikatan da manaja ke rubutawa a cikin fayil ɗinsa shi kaɗai waɗanda rahoton kamfani ba ya ƙirga nauyinsu, kuma can ma kashe layi ya fi goge shi. Microsoft ta sa 30 ga Satumba, 2026 a matsayin ranar rufe Project Online, wato nau'in manhajar da ke kan intanet, don haka duk mai ƙaura zuwa wata manhaja ya tace rajistarsa kafin ya kwashe ta.

Daga nan sai duban wata-wata, wanda bai kamata ya wuce awa ɗaya ba. Mai rajista ya kwatanta yawan layuka da na watan jiya, duk ƙarin da babu fom ɗinsa a bincika ta ina ya shigo. Ya nemi layukan da ba su da farashi, da waɗanda iyakar awowinsu ba ta dace da yawan mutanensu ba, da sababbin manyan kalandu da ba shi ya yi su ba. Ya karɓi jerin waɗanda suka bar aiki daga sashen ma'aikata, da jerin injunan da aka sayar ko suka lalace daga wurin akanta, ya kashe layukansu kafin a fitar da rahoton watan.